Buhu Uku Ya Koma Biyu

Ni tela ne, kuma tela mutum ne da ake zargi tun kafin ya ɗauki almakashi. Mutum zai kawo maka yadi biyar, ya tsaya yana bin hannunka da ido kamar an ce masa za ka haɗiye ɗaya. Shekara ashirin da ɗoriya ina zaune a rumfata cikin kasuwar Bodinga ana yi mini wannan kallo, har ni ma na koya. In mahauci ya yanka mini nama sai na juya shi na ga bayansa. In mai shayi ya ce madarar gwangwani ce sai na nemi ganin gwangwanin. Matata takan ce ko ruwa aka ba ni sai na leƙa gindin kofi. Ban taɓa ɗaukar wannan hali aibi ba, wayo na ɗauke shi, har ranar da na juya shi a kan yayana.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Da ya rasu aka ba 'yan'uwanmu mata rabonsu a gonar tudu, mu kuma aka bar mana garka a Mandera, lambun albasa ne a bakin fadama da rijiya a tsakiyarsa. Ba mu raba ba. Yayana ya zauna a kanta, shi ke yafa iri, shi ke dashe, shi ke ban-ruwa wata huɗu cur. Ni ina Bodinga a kan keken ɗinki, ina aika kuɗin taki da na man inji in lokacinsu ya yi. In an sayar a raba uku, biyu nasa, ɗaya nawa. Babu takarda, babu shaida. Bayan an kwashe albasa sai ya hau mota ya zo, ya zauna a bencin rumfata, ya ce buhu kaza aka samu, kaza aka saya, ga naka. In ce Allah ya amfana, in sa a kawo masa fura.

Shekarun farko buhu arba'in ake samu, wani lokaci har da ɗaya ko biyu a kai. Sai wata shekara ya ce talatin da biyar. Na ce to, noma ne, yau da gobe sai Allah. Shekara ta zagayo ya ce talatin da biyu. A ta uku ya zauna, ya tuɓe hula ya share gumi, ya ce ashirin da takwas. Na tambaye shi ko tsutsa ce ta shiga, ya ce a'a. Ko rijiya ta ja baya, ya ce a'a, albasa ta yi kyau ƙwarai. Na ce to ina sauran buhunan suka shiga? Ya dube ni, ya dubi keken ɗinkina, ya ce, "Haka kasuwa tak koma." Bai ƙara komai ba. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, in aka ƙyale shi zai iya wuni da kalma goma. Da can natsuwa nake kiran wannan shirun nasa, ranar kuwa sai na ji kamar akwai abin da yake rufewa da shi.

A shekarar nan albasa ta yi tsada a Bodinga har mata na raba guda biyu, rabi a miyar rana, rabi a ta yamma. Wata ranar kasuwa na dawo gida matata ta tare ni da wasu guda uku a tafin hannu, ba su fi ƙwan zabo ba. Ta faɗa mini abin da aka biya, sannan ta ce, "Mai garka, ga albasakka, a yi hattara kar ta hwaɗi." Zolaya take yi, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na juya su a hannuna ina tunani. In guda uku irin waɗannan sun kai haka, buhun da ke cin ɗaruruwa fa? Washegari ina taka keke ina bugawa a kaina, abin da ya fito da abin da yayana ke kawo mini ko hanya ba su haɗa ba. Na san akwai dillali, akwai mota, akwai mai kasawa a tire, ba yaro ba ne ni. Amma na ce duk cinsu ba za su cinye haka ba. Ruwa ba ya tsami banza, akwai mai ci a kusa, kuma ban ga wanda ya fi yayana kusa ba.

Da zarar zato ya samu wurin zama, shaidu da kansu suke zuwa gaishe shi. Na je suna Mandera na ga an yi wa ɗakin matarsa rufin kwano. Na ga ya canza babur, ba sabo ba ne, amma ya fi tsohon. Na ga rago a ɗaure a bayan rumbu yana cin harawa kamar ɗan sarauta. Kowanne na gani sai in mai da shi buhun albasa a zuciyata, kwano buhu huɗu, babur buhu shida. Akwai wani mai babur ɗan Kajiji da ke kawo mini ɗinki, na riƙa jan sa da hira ina bi ta bayan gida, ko ya taɓa ganin mota ta shiga garkarmu sau biyu a shekara. Ya ce shi dai yakan ga motoci a fadama, bai san ta wa da wa ba. Wannan amsar da ba ta ce komai ba ma na ɗauke ta na ajiye a matsayin hujja.

A nan ya kamata in faɗi wani aiki da nake yi a gefe. Duk tela ya san bayan Sallah kasuwa mutuwa take yi, sai ka wuni kana korar ƙuda a kan keke. A irin wannan lokaci ne wani Alhaji, babban mai sayen albasa yana kaiwa Kudu, ya aiko mini da ɗaurin buhunan algarara, shi ma ya biyo baya. Ya ce in farke gefen kowanne in ƙara masa tsiri mai faɗin tafin hannu. Na tambaye shi dalili, don ni ba na yin aiki ban tambaya ba.

Ya ce, "Malam tela, direba buhu shika ƙirgawa, ba nauyi ba. 'Yan dako buhu suka ƙirgawa. Masu tare hanya da sanda, tun daga nan har Kudu, dut buhu suka ƙirgawa. In buhu ya girma, kuɗɗin hanya sun ragu."

Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na tsani masu tare hanyar nan, na taɓa ganin yadda suke tatsar direba, sai na ji kamar an ba ni dama in rama wa talakawa. Na yi masa aiki mai kyau da wani zare shuɗi mai kauri da ya rage mini, na bi kowane ɗinki sau biyu don kar ya fashe a hanya. Shekara ta biyu ya ce a ƙara faɗin tsirin. A ta uku ya ce kawai in riƙa farke buhu uku ina mai da shi biyu. Ya kawo mini abokan sana'arsa, su ma na yi musu. Kuɗin ba su da yawa a kan kowane buhu, amma buhunan suna da yawa, kuma a hannu ake biya. Da su na riƙa cefane a watannin da babu ɗinkin riga.

Duk mai hankali da ya karanta zuwa nan ya riga ya gano inda buhunan yayana suka shiga. Ni da nake leƙa gindin kofi ban gano ba. A kaina buhun Alhaji abin hanya ne, yana tafiya Kudu, yana wuce shinge. Ban taɓa bin sa ta ɗaya gefen ba, in tambayi kaina a ina ake cika shi, kuma wa ke zubawa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Da albasar shekara ta huɗu ta kusa isa cira sai na shirya na tafi Shagari wurin baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na gaishe shi, muka daɗe muna gaisuwa, na tambayi jiki, ya tambayi iyali da kasuwa. Sannan na sunkuyar da kai na zuba masa duk abin da na tara, buhunan da ke raguwa, albasa uku a tafin hannu, kwano, babur, rago. Na ce ina so a raba garka kowa ya san nasa.

Ya murza igiyar ya ce, "Ka gani da idonka?"

Na ce, "Baffa, ban gani ba, amma biri ya yi kama da mutum."

Ya ce, "Zato zunubi na ko ya zan gaskiya. Ka tahi ka gani tukun, kak ka sa ni ɗaukam magana da ba ta da ƙahwa."

Da na ji shawararsa na tashi da na tsira. Amma zuciyata ta riga ta hau, na ce ko na gani ko ban gani ba ni dai raba nake so, kuma ina roƙonsa ya sanar da yayana da kansa, don ni ba zan iya kallon idonsa in faɗa ba. Baffa ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na ji kunya, ya ce to, ya ji. Na fito ina jin kaina kamar wanda ya yi jarumta.

Duk da haka maganarsa ta ka tafi ka gani ta bi ni har gida. Na bincika na ji ranar da za a cika buhu a garkarmu, ban aika ba, ban buga waya ba. Na yi sammako na shiga mota zuwa Shagari, daga can na hau babur. Niyyata in faɗo musu kwatsam in ƙirga da kaina, in ga inda ake karkatar da sauran.

Na isa da hantsi, rana ta fara zafi irin na bazara. An tara albasa tsibi-tsibi an rufe da kara, mata na gefe suna tattara lawashi za su daka gabu. Ga wakilin mai saye, wani dogo mai waya biyu a hannu, ga ƙarti huɗu da ya zo da su masu cika buhu. Yayana na tsaye da rawani a wuya. Da ya hango ni bai yi mamaki ba, kuma wannan ya ba ni haushi, don mamakin na zo nema.

Ya ce, "Lahiya kaz zo ba aike?"

Na ce, "Lahiya lau, Yaya. Zumunci na."

Ya ce, "Madalla. Ga inuwa can gindin mangwaro, nan aka hi ganin buhu da kyau."

Na haɗiye maganar na je na zauna. Na tara 'yan tsakuwoyi a gefen ƙafata, duk buhun da aka ɗinke baki in matsar da ɗaya. Ban taɓa zama na kalli cikon buhu ba tun ina saurayi, kuma abin da na gani ba shi na sani ba. Mutum biyu na riƙe da baki, biyu na zubawa da kwando. In ya kai rabi sai su ɗaga shi su girgiza su buga da ƙasa, albasa ta zauna, su ƙara. In ya cika har baki ba a gama ba, sai a jera manya-manya a sama kamar ana gini, a kawo jar raga a rufa, a ɗinke da basilla. Wannan ƙarin shi suke kira hula. Kwando nawa buhu ɗaya ya sha, na ƙirga har na ɓata. Da aka zo jingine shi sai da su huɗun suka taru suna nishi.

A buhu na biyar na kasa zama. Na taso in ga wannan buhu da ba ya ƙoshi, na sa hannu na shafa gefensa. Tsiri ne aka ƙara tun daga baki har gindi, an bi shi sau biyu da shuɗin zare mai kauri, a ƙarshen ɗinkin an koma baya sau uku. Tela ya san ɗinkinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Na duba na kusa da shi, na duba waɗanda ke ninke a ƙasa ba a kai gare su ba. Duk nawa ne. Sai na tsaya a cikin wannan rana riƙe da gefen buhu na rasa inda zan sa idona.

Yayana ya matso kusa da ni. Na ce, "Yaya, wanga buhu..."

Ya ce, "Naka na."

Na ce, "Ka sani?"

Ya kama gefen rigar da ke jikinsa ya juyo mini da bakin ɗinkin. "Tun shekarah hwarko. Kai ka komawa baya sau ukku in ka kai ƙarshe. Ban san wani tela da ka yin haka ba."

Na ce, "To mi yas sa ba ka hwaɗa min ba?"

Ya ce, "In hwaɗa maka ka yi mi? Ka bari wani shi ɗunka? Ga ka da ɗiya shidda, ga kasuwa ba kullum ba. Nic ce abin da buhu ya ci gare ni, in dai ana ci, gwamma ko kaɗan na shi hwaɗa gidanmu."

Sai na huce a kan wakilin. Na ce masa wannan zalunci ne, a auna da buhun da aka saba. Ya ɗaga kai daga wayarsa ya ce shi ɗan aike ne, kuma duk fadamar nan da wannan buhu ake saye, in ina da wani mai sayen in kira shi. Yayana ya dafa ni ya ce in bari. Ya ce bara wani maƙwabcinsa ya kawo nasa buhunan ya ce sai da su, masu saye suka shiga mota suka bar shi, albasa ta kwana huɗu a rana, daga baya shi ya bi su yana roƙo. Albasar da aka cire ba ta jiran kowa, su kuma masu saye sun san haka.

Na koma gindin mangwaro, ban ƙara taɓa tsakuwa ba, amma kunnena na ji. Ashirin da bakwai aka samu. A gabana wakilin ya cire kuɗin masu ciko, ya cire na raga da zare, ya cire la'adar dillalin da ban ko ga fuskarsa ba, ya cire na motar da za ta fitar da kaya daga fadama zuwa bakin titi. Duk a kan buhu ake cirewa. Kowa a wurin nan a kan buhu yake karɓa, yayana kaɗai ke zubawa a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ranar na gane ni ma cikin gardawan nake. Buhun da nake ɗinkewa kafin in gama tauna ɓarin goro, ladana a kansa ba ya jin tsoron tsutsa, ba ya jin tsoron rana. Shi kuwa wata huɗu ya yi ƙafarsa a cikin laka.

Bayan mota ta tafi muka yi azahar a bakin rijiya. Na yi ta jiran mu zauna in nemi gafara a tsanake, ina ta shirya kalmomi. Sai yayana ya ce in zo mu taka. Muka bi ta gefen fangalan albasa har wajen gabas, inda na ga an kafa turaku uku a jere, sababbin sara.

Ya ce, "Baffa ya kira ni shekaranjiya. Daga nan zuwa can naka na. Na bar maka hanya zuwa rijiya."

Kashi ɗaya cikin uku ya ɗebe mini? A'a. Rabi ne cif, yadda gado ya ce, kuma gefen da ya fi ƙasa mai kyau. Na durƙusa a wurin, ni da furfura ta fara fito mini a gemu, na ce ya yi wa Allah ya cire turakun nan. Na ce sheɗan ne, na ce ban san abin da ya shiga kaina ba. Na faɗa masa har kwanon ɗakin matarsa na ƙirga. Ya ce ya sani, Baffa bai rage masa komai ba, kuma kwanon nan awakinta ta sayar ta saya.

Ya ce, "Tashi. Na yahe maka, har ga Allah. Amma ni ban iya koma zama bisa bencinka in hwaɗi abin da anka samu kana kallon bakina."

Ya faɗe ta a hankali, babu fushi a muryarsa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi, don zagi ana ba da haƙuri ya wuce.

Da na koma Bodinga ban ko buɗe rumfa ba na wuce wurin Alhaji. Na same shi a shagonsa ana yi masa aski. Na gaishe shi a gajarce na ce ashe buhunan da nake ɗinka masa da su yake aunar manoma. Ya kori wanzamin da hannu, ya dube ni kamar na ce masa ashe ruwa jiƙa yake yi.

Ya ce, "Malam tela, da mi kaka son in auna? In saye da ƙarami in juye ga babba, wa ka biyan masu juyi?"

Daga nan ya shiga jero mini. Kuɗin mota da ke tashi duk lokacin da mai ya tashi. Shingayen hanya da ya ce ya daina ƙirga su. Kwana uku ko huɗu a hanya, albasar ƙasa na dahuwa da zafi, in mota ta lalace a zubar da kashi guda. A can Kudu wani dillalin na jira, da masu sauke kaya, da kuɗin rumfa, sannan matan da ke saye su kasa, su ma sai sun fitar da ruɓaɓɓu sun ci abinci. Ya ce shekarar da ta wuce sau biyu yana dawowa da ƙasa da abin da ya fita da shi. Ina sauraro ina kallon agogon hannunsa da motar da ke fake a ƙofar shago. Ban yarda da shi duka ba, har yau ban yarda ba, mai asara ba ya irin wannan ƙiba. Amma ban iya nuna wuri ɗaya na ce nan ka yi ƙarya ba. Na tafi neman ɓarawo guda in kama, na tarar da layi ne dogo, kowa na gutsurar ɗan kaɗan yana rantsuwa bai ƙoshi ba.

Na ce masa na bar ɗinkin buhu. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kira wanzaminsa. Kafin mako ya zagayo na ga ana sauke ɗaurin algarara a rumfar telan da ke kallon tawa. Ina zaune ina jin kekensa na gudu, ni ina korar ƙuda. Na lura kuma tsirinsa ya fi nawa faɗi da kamar yatsa biyu. Matata ta ce na yi asarar garka, na yi asarar buhu, saura in yi asarar keken mu huta. Ba ta yi ƙarya ba, kuma albasa ba ta sauko ko da sisi ba don na tuba.

Bayan wata ɗaya Baffa da limamin Mandera suka je aka tabbatar da rabo, aka yi addu'a. Ni ba manomi ba ne, hannuna almakashi ya sani. Na roƙi yayana ya ci gaba da noma nawa gefen a kan ko wane sharaɗi yake so, ya ce ƙarfinsa ya ragu, nasa ma ya ishe shi. Na ba wani maƙwabci yana nomawa muna rabawa. Shi ma yakan zo ya zauna a bencina ya ce buhu kaza aka samu. Ina jin zato na motsi a cikina kamar da, sai in danne shi in ce Allah ya amfana. Ko yana cuta ta ko ba ya yi, ban sani ba, kuma na rasa bakin tambaya.

Yayana bai yanke zumunci ba. In an yi mini haihuwa yana zuwa, in an yi rasuwa tare muke zaman makoki, in na gaishe shi yana amsawa da sakin fuska. Wanda bai sani ba ba zai ga komai ba. Har na fara gaya wa kaina abin ya wuce.

Da azumi ya raba tsakiya sai ga shi a rumfata da yadi a leda, fari, na rigar Sallah. Na yi murna har na tashi na karkaɗe masa benci. Bai zauna ba. Ya miƙo mini yadin daga bakin rumfa, ya ce, "Nawa aka ɗunka riga da wando yanzu?"

Tun da na koyi taka keke ni ke yi masa ɗinki, shi da 'ya'yansa, ba a taɓa maganar kuɗi tsakaninmu ba. Na ce, "Haba Yaya. Ni da kai?"

Ya ce, "Aiki na kaka yi. Kowa ya yi aiki a biya shi."

Na ƙi faɗa. Ya juya ya tambayi telan da ke kallon rumfata, wancan ya faɗa masa, ya zaro daidai abin da aka ce ya ajiye a kan kekena. Na dubi kuɗin, na dube shi. Na san in na mayar masa zai ɗauki yadinsa ya tsallaka rumfar can, kuma daga ranar ba zan ƙara ganin sa a tawa ba. Sai na ɗauka na sa a aljihu, na ce ya dawo ranar ashirin da bakwai ga wata.